Kafin A Tayar Da Tsohuwar Waƙar Fada

Matasan da ke zuwa wurinmu a nan Ƙofar Marusa da niyyar tayar da waƙoƙin fada da aka daina ji, musamman na Mamman Sarkin Taushin Katsina, makaɗin Sarki Usman Nagogo wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, kusan hanya ɗaya duk suke bi: a nemo tsohon kaset, jagora ya hardace, a kira mai fiyano. Wannan shiri a baibai yake, domin waƙar fada ba ta baki ɗaya ba ce. Jagora kan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan a koma gindi tare. A saurari Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira, za a ji sau da yawa rabin maganar a bakin 'yan amshi take. Saboda haka makonnin farko na gwaji na 'yan amshi ne. Su zauna da gindin waƙa har numfashinsu ya zo ɗaya, su san inda jagora zai tsaya tun bai tsaya ba. Kiɗa ma haka. Taushi da hannu ake kaɗa shi, makaɗi yana kallon bakin jagora, ya jira shi in ya ja, ya bi shi in ya yi sauri. Kiɗan da aka ɗaure a na'ura ba ya jiran kowa, sai mawaƙi ya riƙa datse kalmomi don ya cim masa.

Wasu za su ce ai kaset ya adana komai. Ya adana murya, bai adana bayani ba. Waƙoƙin nan cike suke da sunayen hakimai da fadawa da garuruwa, ga zambo da habaici da aka yi wa 'yan sarki masu neman sarauta, waɗanda jikokinsu suna nan cikin birni. Wanda bai je ya durƙusa gaban dattawan fada da iyalan makaɗa ya tambayi wa ake nufi ba, zai iya tsayawa gaban taro ya ci mutuncin gidan da bai san ya taɓa ba, ko ya karkatar da sunan da ƙarar kaset ta cinye.

Hujjar masu kiran fiyano da ta fi nauyi ita ce masu taushi da kotso sun yi ƙaranci, kuma ɗaukarsu da tsada. Gaskiya ne, kuma abin yana damuna. Amma abin da ya rage su rashin kira ne, kuma duk wasan da aka yi da fiyano ya ƙara hana ɗan makaɗi dalilin koyon sana'ar ubansa. In kuɗi bai kai waƙa goma ba, a shirya uku da makaɗa na gaske, a biya su tun daga zaman gwaji na farko.