Ɗigon walda ma walda ne

Masu walda, ku daina raina ɗigon da ake yi don riƙe ƙarfe kafin a yi cikakkiyar walda. A ƙa'idar AWS D1.1 ta Amurka, ingancin da ake nema a babbar walda shi ake nema a ɗigon, kuma mai yin sa sai ya ci jarrabawar ƙwarewa. Kada a bar wa sabon yaron shago.

Dalili kuwa, ɗigo ƙarami ne, nan da nan yake hucewa, sai ya yi tauri ya tsage, musamman a ƙarfe mai kauri. Ku ɗumama ƙarfen idan takardar aikin ta ce haka, ku yi amfani da sandar walda da aka amince da ita, ku kankare dattin. Ɗigon da ya tsage, a gurje shi gaba ɗaya, kada a rufe shi da sabuwar walda.