Sitent: Ƙaramin Bututun Da Ke Buɗe Hanyar Numfashi

Darasinmu na yau ya shafi wata fasaha da tsawonta yawanci bai wuce yatsa ba, amma tana dawo wa mara lafiya da numfashinsa.

Ina matsalar take?

A wuyan mutum akwai hanyoyi biyu manne da juna: ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Idan ciwon daji ya kama hanyar abinci ya yi nisa, ƙarin yakan danne ta iskar, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana ƙara. Wani lokaci har ya huda tsakaninsu, sai mutum ya ƙware duk sa'ad da ya kurɓi ruwa.

Yadda yake aiki

Sitent bututu ne da ake sakawa a wurin da ya matse, ya tokare shi daga ciki. Iri biyu aka fi sani. Akwai na silikon, wanda likita Jean-François Dumon na birnin Marsai a Faransa ya bayyana a 1990. Akwai kuma na ragar ƙarfen nitinol, haɗin nikel da titaniyam. Shi wannan ana shigar da shi a tsuke, da an sake shi sai ya buɗe da kansa. Likita na bi ta baki da na'ura mai kyamara, yana kallon allo, ba tare da an tsaga ƙirji ba.

A kula

Sitent ba ya warkar da dajin, sauƙi yake kawowa. Majina na iya toshe shi, yana kuma iya gocewa, don haka sai da bibiyar likita.

Aikinka da wayarka

Idan kana Bodinga ko Shagari, kuma wani dattijo a gidanku ya fara kasa haɗiye tuwo, ya koma kunu, yana ramewa, kada a jira. A je asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen kula da masu ciwon daji. Ka ɗauki hoton duk sakamakon gwaji ka adana. Ka naɗi sautin numfashinsa ka kunna wa likita. Idan kuwa numfashin ya fara sarƙewa ko yana zaune, a kama hanya nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.