Tsabar Kuɗin Rumawa: Yadda Ake Gane Na Gaske

Ɗalibai da yawa ba su san cewa kalmar dinari, wadda muka aro daga Larabci, asalinta sunan wani kuɗin Rumawa ba ne, wato denariyus. Haka kuma harafin "d" da ake rubutawa a madadin kwabo a Nijeriya kafin zuwan naira a 1973, daga wannan suna aka ɗauko shi. Rumawa sun fara buga denariyus da azurfa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yau ana tono shi a Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ana tarawa, ana ciniki.

Kada mai karatu ya zaci duk tsohon kuɗi tsada gare shi. Ƙananan na tagulla da aka buga a ƙarni na huɗu suna da yawa ƙwarai, kuma araha ake sayar da su. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin samuwa, da kyawun zanen, da labarin da ke tattare da kuɗin. A 2020 an yi gwanjon wani na zinariya a Landan a kan fam miliyan 3 da 'yan kai. Burutus ne ya sa aka buga shi a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da hoton wuƙaƙe biyu, don tunawa da kisan Yuliyas Kaisar. Daga baya aka gano takardun asalinsa na jabu ne, aka mayar da shi ƙasar Girka a 2023.

To, yaya ake bambance na gaske da na jabu? Da farko sai a dubi yadda aka ƙera shi. Maƙeran Rumawa sukan sa ƙarfe tsakanin hatimi biyu su doka da guduma, shi ya sa da wuya a sami biyu masu kama ɗaya sak. Mai jabu kuwa sau da yawa narka ƙarfe yake yi ya zuba a mazubi, sai a ga layin haɗi a gefe da 'yan ramukan kumfar iska a fuska.

Awo ya fi ido gaskiya. Kowane ƙarfe yana da nauyinsa a cikin santimita ɗaya murabba'i mai zurfi: zinariya giram 19.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.96. Sai a auna kuɗin a iska, sannan a rataye shi da siririn zare a auna shi cikin ruwa. Bisa ƙa'idar Arkimidis, nauyin da ya ragu daidai yake da nauyin ruwan da kuɗin ya ture. Misali, idan ya yi giram 3.4 a iska, ya ragu da 0.35 a ruwa, sai a raba 3.4 da 0.35, a sami 9.7. Wannan ya nuna kusan rabinsa jan ƙarfe ne.

Amma fa a yi hattara, domin gauraye ba lallai ya zama shaidar jabu ba. Sarakunan Rum da kansu sun riƙa rage azurfar idan baitulmali ya yi ƙasa. A zamanin Agustas kusan zalla ce. Nero ya rage ta a shekara ta 64 Miladiyya. Wajen shekara ta 200 ta koma kimanin rabi. Zuwa wajen 270 kuɗin "azurfa" bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Saboda haka tilas a gwada sakamakon awo da zamanin sarkin da hotonsa ke jiki. Tsatsa da ta ci cikin ƙarfe ma takan ɓata lissafi.

A ganina, babbar hasara a wannan ciniki ita ce tonon ɓoye. Kuɗin da aka ciro cikin dare ya rabu da tukunyarsa da ƙasar da ya kwanta a ciki, alhali su ne ke gaya wa masana lokacin da aka binne shi. A 2010 wani mutum mai na'urar neman ƙarfe ya ci karo da tulu kusa da garin Frome a Ingila. Bai fasa shi ba, sai ya kira masana, suka kwashe shi hawa-hawa, suka ƙirga tsaba 52,503, yawancinsu na ƙarni na uku. Bisa dokar ƙasar ta 1996 aka yi musu ƙima fam 320,250, shi da mai gonar suka raba, kuɗin kuma suna gidan kayan tarihi na Somerset.

Malamai za su iya gwada awon nan a aji da tsohon kwabo ko zoben azurfa, muddin ma'aunin makaranta yana nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. A tabbata babu kumfar iska maƙale da ƙarfen, kuma kada ya taɓa gindin kofin.