Koyon Harshen Shirya Manhaja na Biyu: Jera Sunayen Mazaɓun Ƙaraye da Rogo a Matsayin Aikin Farko

Da yawa daga cikin manazarta Hausa da suka taɓa shirya manhaja sun fara ne da harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland domin ƙididdiga. Ya ishi mai son ƙirga amsoshin takardar tambayoyi. Amma idan nazari ya koma kan kalmomin kansu, ya kamata a ƙara da Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991.

Dalilin bai tsaya ga sauƙin rubutu ba. Galibin kayan aikin sarrafa harshe da kwamfuta da Python aka gina su, kuma da shi aka fi amfani da taskoki irin NaijaSenti, wadda Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, ɗauke da saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Fijin. Manazarcin da bai iya harshen ba sai dai ya karɓi sakamakon da aka miƙa masa, ko da kuwa an tafka kuskure a kan harshensa.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen aikin farko. Wanda ya fara da manhajar fassara kan watsar da ita kafin mako ya zagayo. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin aikin da mai koyo ya riga ya san amsarsa, domin ya gane kuskuren na'ura da idonsa.

Misali, a ɗauki sunayen mazaɓu na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo: Kafin Dafga, Kurugu, Kwanyawa, Ƙaraye, Turawa, Zarewa, Zoza. Haka abajadin Hausa ya jera su, Ƙ tana biye da K. Idan aka umarci Python ya jera su kai tsaye, sai ya kai Ƙaraye can bayan Zoza, domin yana bin lambar kowane harafi a tsarin Unicode: K tana da 75, Z tana da 90, ita kuwa Ƙ 408. Haka ɓ da ɗ za su sha. Aikin mai koyo shi ne ya rubuta jerin abajadin da kansa, ya sa manhajar ta bi shi. Layuka kaɗan ne.

Daga nan ne tambayoyin da ba na injiniya ba suke ɓullowa. Shin sh da ts harafi guda ne, ko biyu? Ina za a ajiye 'y ta Nijeriya, wadda Nijar ke rubutawa ƴ? Yaya za a yi da takardun hukuma da ke rubuta Karaye ba lanƙwasa? Dole mai koyo ya yanke hukunci a kan kowace, ya kuma rubuta shi a cikin manhajar kafin ta yi aiki daidai.