Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu mutanen Sabon Garin Wudil kullum muna ganin saman kogi, amma abin da ke ƙasansa sai dai mu ji a bakin masunta. A wasu ƙasashe kuwa, masu nutso don nishaɗi sukan goya tukunyar iska, su shiga teku da 'yar ƙaramar kyamara, su ɗauko hotuna da bidiyon kifaye.

Wani Bafaranshe, Louis Boutan, yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki a 1893. A 1943 kuma Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashin da ta sauƙaƙa nutso.

Aikin yana da ƙa'idoji uku. Na farko, a rufe kyamarar cikin akwati mai roba a baki, domin ruwa kaɗan ya isa ya lalata ta. Na biyu, a tafi da fitila, gama daga zurfin kamar mita 5 jan launi yakan fara ɓacewa. Na uku, a matsa kusa da kifin, don laka tana dusashe hoto.

A ganina, mu ma muna bukatar wannan ilmi. Mutum ba ya tausayin abin da bai gani ba, shi ya sa muke zuba leda da shara a kogin da muke cin kifinsa. Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, kada mu jira sai kyamara ta tona mana asiri. Allah ya ganar da mu, amin.