Darasi na 14: Idan Ka Sayi Gida Ka Tarar da Aibi

A ƙasarmu ta Zuru, yawancin cinikin gida da rani ake yinsa, bayan an sayar da dawa, kuɗi ya zo hannu. To, da rani kowane gida lafiyayye ne. Sai ruwan Agusta ya sauko, sa'an nan gaskiya take fita.

A ce wani manomi a Manga ya sayi gida mai ɗaki uku a kan naira 900,000. Da damina ta yi tsaka, sai bangon gabas ya tsage tun daga tushe. Da ya kankare, sai ya ga ashe tsohuwar tsaga ce, an cusa ƙasa an yi mata sabon yaɓe. Ya leƙa ƙarƙashin kwano, ya tarar gara ta cinye katako. Ya tafi wurin wanda ya sayar masa, shi kuwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Shin manomin nan yana da hanya? I, yana da ita, amma sai ya san inda zai bi.

Da fari mu san aibi iri biyu ne. Akwai wanda yake a fili, kamar karyayyar ƙofa ko katanga da ta zube. Wanda ya gani da idonsa ya biya, ba shi da bakin magana. Akwai kuma ɓoyayye, wanda ya daɗe a jikin gidan tun kafin ciniki, mai saye bai sani ba. A kan wannan ne ake shari'a.

Alƙalan kotunan Shari'a suna bin fiƙihun Malikiyya. Cikin littattafan da suke dubawa akwai Tuhfatul Hukkam, na Ibn Asim, alƙalin Garnata ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. A can an kasa aibin gida kashi uku. Idan ƙarami ne, bai rage darajar gida ba, babu kome. Idan ya rage wani abu, kamar tsagar bango, mai saye zai riƙe gidansa, a mayar masa da kuɗi gwargwadon aibin. Idan kuwa ragin ya kai sulusin kuɗin gidan ko ya fi, yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa duka.

Mu yi lissafi. Sulusin 900,000 shi ne 300,000. In magina sun ce aibin ya rage darajar gidan da 120,000, abin da manomi zai nema ke nan, gida kuwa nasa ne. In sun ce 350,000, sai ya nemi a warware ciniki.

Amma Manga ba Musulmi kaɗai ke cikinta ba. Akwai Kirista, akwai masu bin al'adar gargajiya, su kuwa ba a tilasta musu zuwa kotun Shari'a. Akwai kotun majistare. Dokar da take bi ta samo asali daga Ingila, ta kuwa fi tsanani ga mai saye, domin cewa take yi shi ne zai buɗe ido ya duba kafin ya biya. Duk da haka ba ta yarda da zamba ba. Wanda ya yaɓe tsaga don kada a gani, ko aka tambaye shi ya ce ɗaki ba ya yoyo alhali yana yi, ana iya sa shi ya biya diyya.

Kada dai manomi ya zauna shiru. Wanda ya ga aibi ya kame bakinsa har shekara ta kewayo, ko ya kama ƙarin gini a kai, alƙali yana iya cewa ya yarda da abinsa. Kada kuma ya yi gaggawar gyara, domin in ya rushe bangon ya rushe shaidarsa. Ya kira magina biyu masu gaskiya su duba, su faɗi ko tsagar tsohuwa ce, da abin da gyara zai ci. Ya sa a ɗauki hoto da waya. Mai ƙara shi ne ke kawo shaida, kuka ba ya zama shaida.

Daga nan sai wurin mai unguwa ko dagaci. Mu a ganinmu wannan matakin ya fi duk sauran amfani, gama mutanen nan biyu gobe za su haɗu a kasuwa ɗaya. In mai sayarwa ya amsa zai biya, kada a tashi da baki kawai. A rubuta nawa ne, da ranar biya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu ma su sa. Da wannan takarda magana ta zama bashi, bashi kuwa shi ya fi sauƙin bi a kotu.

Domin irin wannan ne aka kafa kotun ƙananan ƙararraki. Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019. Lokacin da aka buɗe su, suna karɓar ƙarar kuɗi wadda ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ana so a gama cikin kwana 60, mutum kuma yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Kafin ka kai ƙara sai ka aika wa wanda kake bi takardar neman biya. Amma ku lura, kuɗi kaɗai ake bi a can. Gardamar ko wane ne mai fili ba tata ba ce. Wannan tana ƙarƙashin Dokar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen ƙauye a hannun ƙaramar hukuma, ta kuma ce ba a sayar da iznin zama sai da yardarta. Saboda haka wanda ya shirya ƙara, ya fara zuwa Zuru wurin magatakardan kotu da takardunsa, ya tambayi kotun da ta dace da maganarsa. Duk kuɗin da ya biya, ya karɓi rasit.

Aikin gida: kowa ya rubuta takardar cinikin gida a littafinsa. A sa kwanan wata, sunan mai sayarwa da na mai saye, iyakokin gida gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin, da lamba da kuma kalmomi. A bar layi guda inda mai sayarwa zai faɗi duk aibin da ya sani. A ƙasa a bar wurin shaidu biyu. Ranar aji mai zuwa kowa zai karanta tasa da ƙarfi.