Watan Farko: Inda Mutuwar Jarirai Ta Ƙi Raguwa

Masana suna auna mutuwar jarirai da yawan waɗanda suka rasu kafin cika shekara ɗaya, cikin kowane dubu da aka haifa da rai. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa a Nijeriya adadin ya sauko daga 87 a 1990 zuwa 67 a 2018. Amma na watan farko, daga 42 zuwa 39 kurum ya sauko.

Dalili kuwa, rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari sun fi ceton yaron da ya yi ƙwari. Ɗan kwana uku matsalarsa daban ce: zuwa bakwaini, doguwar naƙuda mai hana shi numfashi, da ƙwayoyin cuta masu shiga ta cibiya.

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, matakin farko yana hannun iyaye da ungozoma: awon ciki, sabuwar reza wajen yanke cibiya, ɗumama jariri a ƙirjin uwa, da ba shi dakashi. Naƙuda kuwa in ta wuce awa 12, a garzaya asibiti.